Waya ko kyamara? Shawara ga mai son fara hoton gine-gine da HDR a Kebbi

Duk wanda ya taɓa tsayawa cikin zaure da rana tsaka ya ɗaga waya zai ɗauki hoto ya san matsalar da nake magana a kai. In ka taɓa allo a kan ɗaurin gugan da ke sama don a ga aikin magina, sai ƙofa ta wanke fari fat babu komai cikinta, in kuma ka taɓa ƙofar don a ga waje sai cikin zauren ya koma baƙi ƙirin. Idonka yana ganin duka biyun, kyamara ce ba ta iyawa. Haka abin yake a falon sabon gida a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi da ake son sa wa a kasuwa, haka yake a cikin masallaci mai tagogi, kuma ranar Kebbi ba ta da sauƙi, ratar da ke tsakanin haske da inuwa a nan ba ƙarama ba ce.

Abin da ake kira HDR shi ne maganin wannan. Ka ɗauki hoto ɗaya mai duhu wanda ya kama taga da sararin sama, ɗaya matsakaici, ɗaya mai haske wanda ya buɗe lunguna, sannan a haɗe su su zama hoto guda. Ba sabon abu ba ne fa, tun shekarun 1850 wani Bafaranshe mai suna Gustave Le Gray yake ɗaukar teku daban, sama daban, ya haɗa su wajen wankewa. A 1997 wasu masana biyu, Debevec da Malik, suka fitar da hanyar yin haɗin da kwamfuta, a 2010 abin ya shigo iPhone, yanzu kuma kusan duk wayar da ke aljihunmu tana da shi.

Masu hoto suna auna haske da mataki, kowane mataki ninki biyu ne na wanda ke ƙasansa. Misali taga tana buƙatar shota, wato murfin da ke buɗewa haske ya shiga kyamara, ta buɗe 1/500 na daƙiƙa, cikin ɗaki kuma yana son 1/8, toh tsakaninsu mataki 6 kenan, wato taga ta fi ɗakin haske sau 64. Ka riƙe wannan lissafin domin shi zai gaya maka kayan da kake buƙata.

Hanyoyin farawa huɗu ne a gabanka, kuma ga abin da zan auna su da shi. Na farko kuɗi, kuma tunda farashin kayan nan yana bin dala yana canzawa kusan kullum, zan gwada su da juna ne kawai. Na biyu ƙarko, wato ya kayan zai yi da ƙurar hunturu da zafin Maris da Afrilu lokacin da ake haura digiri 40. Na uku sauƙin koyo da sauƙin aiki, har da maganar wuta da caji. Na huɗu kasada, ko ta hoton ya lalace, ko ta a sayar maka da kaya mai matsala. Sai abin da duk ya fi, shi hoton da zai fito ya zai kasance.

Hanya ta farko: waya da HDR ɗinta na kanta

Ba ka kashe ko sisi ba, wayar tana hannunka. Ka shiga kyamara ka kunna HDR, ita za ta ɗauki hotuna da yawa cikin ƙiftawar ido ta haɗa maka. Pixel da iPhone da manyan Samsung sun ƙware a wannan sosai, Tecno Camon da Infinix na baya-bayan nan ma suna ƙoƙari, musamman a waje. In gaban gini za ka ɗauka da hantsi ko bayan la'asar, rana tana bayanka, wallahi waya ta isa, ba za ka ji kunya ba.

Inda take gazawa cikin ɗaki ne. Sensar waya, wato farantin da ke kama haske a ciki, ƙarama ce, da haske ya yi ƙaranci sai hoton ya cika da tsaki-tsaki, ita kuma wayar sai ta goge tsakin ta haɗa da goge fuskar bango, shi ya sa za ka ɗauki bangon ƙasa mai yaɓe da shatin yatsun magini a jiki amma ya fito sumul babu alamar hannu. Ga mai son tsohon gini wannan hasara ce babba domin ainihin abin da ka je nema kenan. Kuma ba kai ke yanke hukunci ba, ita ke zaɓar yawan hasken da za ta bari. Zafi ma yana damunta, waya in ta yi minti kaɗan cikin rana da kyamara a kunne sai ta dushe allo ko ta rufe kyamarar gaba ɗaya. Ƙura kuwa ba ta cika shiga cikinta ba, gogewa kawai za ka yi, a nan ta fi kowa.

Hanya ta biyu: waya, tirayifod da manhaja

Wannan ce hanyar da mutane suka fi tsallakewa kuma ni a ganina ita ce makarantar gaskiya. Tirayifod shi ne sandar nan mai ƙafa uku da ake ɗora kyamara, ka haɗa da ɗan maƙalin waya, kuɗinsu duka bai kai na ƙaramar wayar Android ba. Sai ka sauke manhajar Open Camera, kyauta ce, tana da tsarin da za ta ɗaukar maka hotuna 3 ko 5 masu bambancin haske ta ajiye kowanne daban, kai ka haɗa daga baya, tana kuma da nata HDR ɗin in kana gaggawa. Amma ka fara sauke ta ka gwada kafin ka sayi komai, domin sai wayar da ta bari a kunna Camera2 a cikin saitin manhajar ce take ba da wannan damar, wasu ƙananan wayoyi ba sa bari.

Abin da tirayifod yake ba ka ya wuce hana girgiza. Yana sa ka tsaya ka daidaita layi. Hoton gini da layi yake rayuwa, in ka ɗaga bakin waya sama kaɗan sai bangaye su riƙa matsowa juna ta sama, ginin ya yi kamar zai faɗi baya, kuma babu HDR ɗin da zai gyara wannan. Ka kunna layukan allo, ka sa wayar daidai ƙirjinka, ka tabbata gefen ƙofa da kusurwar bango sun miƙe. Ka sa ƙidayar daƙiƙa 2 ko 3 don kar taɓawarka ta motsa ta.

Kasadarsa tirayifod mai arha ne, irin na roba marar nauyi, iskar hunturu tana kayar da shi da waya a kai. Ka nemi na ƙarfe ko da na hannu ne, ka rataya jakarka a tsakiyarsa ta danne shi. Sannan wata magana, abin nan na manhajar gyaran hoto ta Snapseed da ake kira HDR Scape ba HDR ba ne na haɗa hotuna, hoto ɗaya yake matsawa, tagar da ta riga ta ƙone fari ba zai dawo da ita ba.

Hanya ta uku: kyamara ta hannu mai AEB

Nan ne ake fara kashe kuɗi na gaske kuma nan ne ake fara samun hoton da za ka karɓi kuɗi a kansa. Ba sabuwa nake nufi ba, ta hannu irin wadda ake kawowa daga Legas ko Kano, kamar Canon 600D ta 2011 ko 700D ta 2013, ko Nikon D5300 ita ma ta 2013. Dukansu suna da allo mai juyawa, wanda za ka gode masa ranar da ka matse kyamara a kusurwar ɗaki babu wajen tsayawa a bayanta.

Abu ɗaya nake roƙonka ka duba kafin ka biya, kyamarar tana iya jera hotunan nan uku da kanta? A Canon sunansa AEB a cikin menu, a Nikon BKT. Nikon D3100, D3200, D3300 har zuwa D3500 ba su da shi, kuma su ne suka fi yawa a hannun masu sayarwa saboda arha da kyan hoto, mai shago zai ce maka ai duk ɗaya ne, toh ga aikin biki da suna ƙila haka ne amma ga HDR ba ɗaya ba ne. Za ka iya yi da hannu kana murɗa shota bayan kowane hoto, sai dai duk taɓawa tana iya gusar da kyamarar, kuma za ka gaji.

Yadda ake aikin ba wuya. Kyamara a kan tirayifod, ka sa ta a Av in Canon ce ko A in Nikon ce, ƙofar lensi (ramin da haske ke bi) f/8, ISO (ƙarfin jin hasken sensa) 100, RAW (ɗanyen fayil da kyamara ba ta matse ba) maimakon JPEG da aka saba, AEB a kan -2, 0, +2. Dalilin sa ta a Av shi ne shota kaɗai ya riƙa canzawa, misali 1/250, 1/60, 1/15, ƙofar lensi ta tsaya yadda take don kar zurfin hoton ya bambanta. Ka kashe maganin girgiza na lensi, wato IS ko VR, tunda kyamarar a kafe take, ka tsayar da saitin launi waje ɗaya kar ka bar shi a otomatik. A Canon in ka haɗa AEB da ƙidayar daƙiƙa 2, dannawa ɗaya za ta harba ukun da kanta. In ka duba mai duhun ka ga har yanzu taga fara ce, ka ƙara jeri na biyu mai duhu, abin da ke faruwa kenan a zaure mai ƙofa ɗaya da rana tsaka. Maganar RAW kuwa, JPEG bambancin haske iri 256 yake riƙewa a kowane launi, RAW mai bit 14 yana riƙe 16,384, shi ya sa yake jure gyara. Nauyinsa ne matsala, kowane ɗaya MB 20 zuwa 30, sau uku a kowane hoto, sai ka tanadi memori da wajen ajiya.

Kuɗin da mutane ke mantawa shi ne na lensi. Lensin 18-55mm ɗin da ke zuwa da kyamara ya isa waje da babban falo, amma ɗakin kwana da kicin da bayi sai mai faɗi. A nan Canon ta fi sauƙi saboda EF-S 10-18mm ɗinta yana cikin masu arha, akwai kuma Sigma 10-20mm da Tokina 11-16mm da ake yi wa kamfanonin biyu. A ɓangaren sensa kuma D5300 ta fi, a gwajin DxOMark, masu auna ingancin kyamarori, tana kama kusan mataki 14, ita 600D mataki 11 da rabi.

Ƙarko: kyamarorin nan suna da rai, batir ɗaya yana ɗaukar ɗaruruwan hotuna in ba ka cika kunna allo ba, wanda a garin da wuta take zuwa tana tafiya ba ƙaramin abu ba ne. Maƙiyinsu ƙura. Duk canza lensi a waje lokacin hunturu ƙura ce a kan sensa, kuma HDR yana fito da kowane ɗigo a sararin sama ƙarara, don haka ka canza lensi cikin mota ko ɗaki, bakin kyamara yana kallon ƙasa, ka sayi ɗan famfon hura iska. Wajen saye ka tambayi adadin harbin shota, wato hotuna nawa ta taɓa ɗauka, irin D5300 an gwada ta ne a kan 100,000, kuma ka tuna kai harbi uku za ka riƙa ci a kowane hoto. Ka haska lensi da tocilan waya ka leƙa, wanda ya daɗe a gari mai laima yakan yi fumfuna a ciki, zare-zare farare. Kar ka tura kuɗi a kan hoton WhatsApp, ka sa wanda ya san kaya ya riƙe ta a hannu.

Hanya ta huɗu: RAW guda ɗaya

Da kyamara mai sensa mai ƙarfi, irin D5300 ɗin nan ko Sony a6000 ta 2014 ko sababbin da suka biyo baya, za ka iya ɗaukar hoto ɗaya kawai a ISO 100, ka auna shi don kar sama ta ƙone, sannan ka ɗago inuwa a kwamfuta. Amfaninsa babba ne a inda abubuwa ke motsi. Gaban babban masallaci ranar Juma'a, ƙofar fada, bakin kasuwa, 'yan kabu-kabu suna wucewa, bishiyar dogon yaro tana kaɗawa, tattabaru suna tashi, in ka haɗa hotuna uku a irin wurin nan mutum ɗaya zai fito sau biyu ko uku dishi-dishi, masu hoto suna ce masa fatalwa. Hoto ɗaya ba shi da wannan. Amma yana da iyaka, cikin ɗaki mai taga da rana tsaka in ka ɗago inuwa da yawa tsaki zai cika ta launi ya mutu. Sababbin kyamarori marasa madubi a ciki, wato dangin Sony a6000, kuma sun fi tsada, sun fi cin batir, yawancinsu sensarsu a buɗe take da ka cire lensi.

Da me za a haɗa?

Cikin manhajojin kwamfuta Lightroom ya fi sauƙi, tun 2015 yake da haɗin HDR, ka zaɓi hotunan ka danna, ya ba ka fayil ɗaya mai kama da abin da ido ya gani, yana da maganin fatalwa da gyaran layin bango. Matsalarsa biyan kuɗi ne duk wata kuma da katin bankin da ke aiki a ƙasar waje. Photomatix sau ɗaya ake saya, yana da ƙarfi, amma shi ne ya fi jan sabon shiga ya wuce gona da iri. Na kyauta akwai Luminance HDR, akwai Enfuse da ke zuwa tare da Hugin, wannan na biyun ba shi da kyan fuska kuma sai ka zauna ka koya, amma haɗinsa yana fitowa a natse kuma tsohuwar laftof tana ɗaukarsa.

Ko da wanne ka yi, ka sassauta hannu. HDR kamar gishiri yake a miya, in har mai kallo ya ji shi toh ya yi yawa. Alamominsa sanannu ne, zoben haske a gefen hasumiya ko zanko, gajimare ya yi baƙi alhali ba hadari, jan bango ya koma ruwan lemo. Ka bar wa gini inuwarsa, inuwa ce ke nuna zurfin zane da kaurin bango.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Kasada | Inda ta fi |
|---|---|---|---|---|---|
| Waya kaɗai | Babu | Zafi na damunta, ƙura ba ta cika shiga ba | Sosai | Goge fuskar bango | Waje, safe da yamma |
| Waya da tirayifod | Kaɗan | Ya danganta da tirayifod | Matsakaici | Faɗuwa, wayar da ba ta yarda ba | Koyo, ɗaki mai haske |
| Kyamara mai AEB | Da yawa, ga lensi da laftof | Tana daɗewa in an kiyaye ƙura | Sai an koya | Kayan hannu mai matsala, fatalwa | Cikin ɗaki, aikin kuɗi |
| RAW ɗaya | Da yawa zuwa sosai | Ƙura a sensa, cin batir | Ɗauka da sauƙi, gyara sai koyo | Tsaki a inuwa | Wurin da ake motsi |

Akwai kasadar da ba ta cikin kaya. Tirayifod yana jawo ido, da ka kafa shi kowa ya san ba wucewa kake ba. Kafin ka ɗauki fada, ko Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, tsohuwar fadar da ta koma gidan tarihi a 1958, ko hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu, ka yi sallama ka nemi izinin masu kula da wurin. Masallaci ka ga liman ko ladan, gidan mutane kar ka shiga sai da mai gida kuma a sanar da mata. Ginin jami'an tsaro da shingen bincike ka bar su kwata-kwata, halin da ake ciki bai bar wajen wasa ba. Sai kuma amana, in hoton gidan haya ko na sayarwa ne, kar ka mayar da ɗaki mai duhu ya zama mai haske tar, wanda zai biya kuɗi daga Kaduna ko Abuja da hotonka ya dogara, kuma wannan algus ne ko da da kwamfuta aka yi shi.

Lokaci ma yana rage maka aiki fiye da kowace manhaja. Awa ɗaya bayan fitowar rana da bayan la'asar sakaliya rata tana raguwa, hazon hunturu yana tausasa haske duk da yana wanke sama, damina tana ba da gajimare masu kyau amma suna gudu, sai ka jera hotunan da sauri. A cikin ɗaki ka kashe fanka, ka ɗaure labule.

Toh wa zai ɗauki wanne? In sha'awa ce kawai, kana son ka riƙa saka gine-ginen garinku a Facebook, zauna da wayarka ka koyi lokaci da layi. In ɗalibi ne kai mai karatun zanen gini, ko dillalin gidaje da ke tura wa masu saye hoto, sayi tirayifod mai kyau ka sauke Open Camera, kuma ka riƙa tura hoton a matsayin fayil a WhatsApp don kar ya matse shi. In kana son otal da masu gine-gine da 'yan kwangila su riƙa biyanka, kuma yawancin aikin cikin ɗaki ne, ɗauki Canon 600D ko 700D da 10-18mm. In kana son kyamara ɗaya da za ta yi maka ciki da waje, yau jeri uku a falo gobe RAW ɗaya a ƙofar fada, ni D5300 zan ce maka, ka ƙara da Sigma ko Tokina in kuɗi sun samu. In kuma tsofaffin soraye da zaurukan ƙasa ne suka dame ka, kana son ka adana su kafin damina ta ci su ko a rushe a zuba bulo, kyamara mai AEB da RAW kake buƙata, ka riƙa ɗaukar jeri biyu a kowane zaure, kuma ka ajiye ainihin fayilolin a wuri biyu tare da sunan unguwa da ranar da ka ɗauka.